Ranar da Aka Mai da Ni Bango a Kagoro

"Kawu, kai ne bango. In na ce tura, ka tura, kada ka tsaya."

Rifkatu ke nan, 'yar yayata, jiya bayan sujada a coci. Gobe za ta kare aikin digirinta na biyu a fiziks a gaban farfesanta, kuma tsoronta ɗaya: har yau ba ta yi wa kowa bayani ya gane ba. A kwamfuta take jera ƙwayoyin zarra na ƙarfe, ta sa bango ya turo su da gudu, ta auna yadda matsin ke ratsa su.

Shi ne ta jera mu a benci kafaɗa da kafaɗa: ni a baki, sai mamanta da ƙawayen maman biyu na zumuntar mata, babanta a can ƙarshe yana shan kunu.

"Baba, kai ba ka san komai ba tukuna, matsin bai iso ka ba."

"Ai tun da kika shiga jami'a ban san komai ba," in ji shi.

Na tura. Ban ko matsa sosai ba, sai ga Baba a ƙasa cikin cittar da aka shanya, kofi a sama.

Rifkatu ta daka tsalle. "Kun gani? Matsin ya fi bangon gudu, kuma na ƙarshe shi ke ɓallewa!"

Baba ya kakkaɓe wandon cocinsa. "Na gane sarai, 'yata. Amma jibi ki sa farfesan naki a ƙarshen benci."

Ina ganin ta shirya. Ku fa, karatun 'ya'yanku ya taɓa kai ku ƙasa?