Rijiyar Baba Bayan Ruwa Ya Janye

Gidanmu na Gumel tsoho ne, kuma a kwari yake. Ba haka aka gina shi ba. Duk damina kowane maƙwabci sai ya zuba ƙasa a ƙofarsa don ruwa ya wuce shi, layi ya yi ta tashi, har ya zama mai shiga zaurenmu gangarawa yake yi. Kududdufin bayan unguwa, wanda a da yake ɗauke ruwan sama, an cike shi da shara an yi gini a kai. Kwatar bakin titi kuwa leda ta toshe ta.

A daminar da nake magana, ina ɗakina a Gagarawa yayana ya kira ni ya ce ruwa ya shiga gida. Washegari na hau mota. Na tarar ya janye, sai shatinsa a bango daidai gwiwa. Ya bi ta turken awaki, ya cika masai har ya tumbatsa, sannan ya haura bakin rijiya.

Rijiyar nan Baba ya haƙa ta tun ba a haife ni ba. Ba ya shan wani ruwa sai nata. Na leda ya ce warin roba yake, na burtsatse kuma ba ya kashe ƙishi.

Duba-gari ya zago unguwa, ya ce kada a sha ruwan rijiya sai an zo an zuba magani. Gidajen da yawa, bai ce ga rana ba. Baba bai jira ba. Ya sa aka yashe ta, aka kwashe ruwan da laka har ƙasa, sabo ya ɓuɓɓugo.

Na ce, “Baba, a bari su zo da maganin.”

Ya ce, “Jawo guga ki zuba min a farin kwano.”

Na zuba. Ya kai shi hasken rana.

“Launi ya sauya?”

“A'a.”

“Sansana.”

Na sansana, ba wari. Ya kurɓa, ya juya shi a baki, ya haɗiye.

“Abu uku muka karanta: launi, wari, ɗanɗano. In ba wanda ya sauya, ruwa mai tsarki ne.”

“Ai ya ce akwai abin da ido ba ya gani.”

“Shi duba-garin? A nan uwarsa take ɗibar ruwa tana goye da shi. Ga shi ya girma har yana yi min wa'azi.”

Yaya ya yi dariya. Ni ma na yi.

Duk da haka na riƙa tafasa ruwa ina zuba masa a randa. Ya ɗanɗana ya ture moɗa. “Mai jego kika mai da ni? Wannan ai hayaƙi ne.” In na juya baya sai ya ja gugansa. Da shi yake alwala, da shi yake dama fura.

Ran nan da hantsi amai da gudawa suka kama shi. Kafin azahar idonsa ya faɗa, muryarsa ta dushe. Mai adaidaita sahu ya ƙi shigowa layi saboda taɓo, Yaya ya goya shi har bakin titi. Ina biye da su riƙe da hularsa. A asibiti mun tarar da 'yan unguwarmu a kwance, wasu a baranda. Aka sa masa ƙarin ruwa. Ma'aikaciyar jinya ta tambaye ni abin da yake sha, na faɗa mata. Ta gyara masa hannu.

Washegari bayan la'asar ya cika.

Ban taɓa ganin laifinsa ba. Abin da ya karanta daidai ne a wurinsa, ya yi shekaru yana aiki da shi bai cuce shi ba. Unguwar ce ta sauya a kewaye da rijiyar.

Da aka dawo da shi gida, masu wanka suka nemi ruwa. Wani dattijo, abokinsa, ya nufi rijiya ya ɗauki guga kamar yadda ya saba. Yaya ya riƙe masa hannu. Suka tsaya haka. Daga baya dattijon ya ajiye gugan, aka fita neman mai garuwa. Da ruwan burtsatse aka wanke Baba.