Baƙin da Na Goge a Bangon Kaka

A gidanmu na Handsworth, wutar da muke zagayewa wata tsohuwar hita ce mai gas a ɗakin Kaka. Da an sallame Magariba a lokacin sanyi, nan muke cunkushewa ni da ƙanwata Rabi. Shekarata goma. Kaka tana kirana angonta, kullum tana yi mini gorin ko goro ban taɓa saya mata ba.

Labarin da muka fi so shi ne na marigayi kakanmu, mai gyaran bindigogi a barikin soja a Kumasi. Wani kurtu ne bindigarsa, irin mai ɗura kanta, ta riƙa harba ɗaya ta tsaya. Manya suka ce ƙazanta ce, ba ya wanke ta, za a kore shi. Kakanmu ya ce kada kowa ya goge ta. Ya fito da ita rana, ya bi ta da ido har ya ga baƙin hayaƙi a wata mahaɗa. Ashe iskar da ke ɗura harsashi na gaba ta nan take zurarewa.

"Da sun goge baƙin nan, ango," in ji Kaka, "da ɗan mutane ya koma gida da laifin da ba nasa ba."

Na ji wannan ya fi sau ashirin, amma kunnena kawai ya shiga.

Ina da wata ɓarna a lokacin. In Kaka ta tafi alwala, sai in gasa biredi a jikin hitar. Da baƙi ya fara fitowa a bango saman hitar, na ɗauka aikina ne. Tsoron faɗan Mama ya sa duk Asabar nake bi da soso in goge shi tas. Kaka ta yi ta kukan ciwon kai da jiri. Mama ta kai ta wurin GP, likitan unguwarmu, aka ce tsufa ne.

Wata safiya Mama ta same ta a kan darduma, ba ta motsi. Bayan an tafi da ita asibiti, mai duba gas ya zo, ya ce hitar ce ke fitar da guba. Ya tambaya ko ba mu taɓa ganin baƙi a bangon ba, don shi ne alamar gubar.

"Wallahi bangon nan kullum fes yake," in ji Mama.

Ina tsaye a bayanta. Ban ce komai ba.

Kaka ta rayu shekara huɗu bayan haka, amma kanta bai koma daidai ba. Yau ina da 'ya'ya, kuma har yanzu kunyar shirun nan ba ta sake ni ba, don ban taɓa gaya wa Mama ba. Abin da ya fi ci mini rai, Kaka ba ta daina fara labarin ba. Takan kai inda kakanmu ya ce kada kowa ya goge, sai ta tsaya, ta dube ni.

"Ango, daga nan sai aka yi yaya?"

Ni nake ƙarasa mata.