Hoton Inna da Takardar Man Gyaɗa

A shekarun da sabulu ma sai an bi layi, ina koyarwa a wata firamare kusa da Bici, ina kuma fama da wata tsohuwar kyamara. Irin wadda in ka leƙa za ka ga mutum ya rabu biyu, ka yi ta murza bakinta har ya haɗe.

Yayana, da ya shekara shida a kudu bai leƙo gida ba, ya aiko wasiƙa yana roƙon hoton Inna, mahaifiyarmu. Da ƙyar ta yarda, ta ce sau ɗaya tak. Fim guda ya rage mini a akwati, ko a birni ba a samu. Ga shi hotunan da na wanko na ƙarshe sun ƙona mini rai: fuskoki dishi-dishi, dangar bayansu kuwa tar!

Na ce wallahi sai na kama ƙaryar kyamarar nan kafin in sa fim. Na shiga gonar bayan gida na kafa kara biyar, kowanne a kan kunya ɗaya, na ɗaura wa na tsakiya tsumma. Na kife turmi na ɗora kyamarar, na saita mai tsumman har ya haɗe. Sannan na buɗe bayanta, na manna takardar da na shafe da man gyaɗa a gurbin fim, na danne maɓalli, na lulluɓe kaina da riga.

Kai, jama'a! Ga gonarmu a takarda, kai ƙasa ƙafa sama. Kuma karan da ya fito ras ba mai tsumman ba ne, na bayansa ne. Ihu na yi har kaji suka watse.

Inna ta leƙo ta ce, "Malam, ɗan man miyar tawa ka shafe wa takarda?"

Washegari na zaunar da ita daidai nisan karan nan. Na saita, na ja da baya faɗin kunya ɗaya, tunda bayan abin da aka saita kyamarar ke kamawa, na ɗauka.

Ranar da na karɓo hoton daga Kano, da gudu na shiga gida. Ya fito, har zanen kumatunta ana ƙirgawa! Ta daɗe tana kallo, ta shafa ƙashin wuyanta.

"Ashe haka na rame? Kar ka aika masa, hankalinsa zai tashi."

Murnata ta koma ciki. Kullum muna tare, ban taɓa lura ba.

Na saɓa mata, na aika. Kafin a yanke gero yayan nawa ya iso gida.