Jirgin da Ke Jiran Ƙofa

Kafin masu shara su gama, Baba Mai Jirgi ya riga ya sunkuya a kan teburinsa a ɗakin jira na asibiti, da tsumma da 'yar kwalbar mai, yana goge layin dogon da bai fi kaurin tsinke ba. A kan teburin akwai ƙananan jiragen ƙasa na wasa, da tasha, da gada, da ramin da ya huda cikin dutsen kwali. Aikin da aka ɗauke shi gyaran wuta ne. Jirgin nan shi ya ɗora wa kansa.

Ni ban taɓa zaman aji ba, faɗa nake 'yata tana rubutawa, amma ba wanda ya fi ni sanin ɗakin nan. An yanka ni an ɗinke, an sake yankawa. Waɗanda muka kwanta tare duk na raka su kushewa, ga ni ina takawa da ƙafata. In kuwa ana faɗin abin da ya riƙe ni, a sa da jirgin nan. Likita na gama zagaye a turo mu a keken marasa lafiya, Baba ya murɗa makunni, mu samu abin kallo da ba silin ba.

Sai idon Baba ya fara ƙi, hannu ya kama rawa, lokacin ajiye aiki ya matso. Mai kula da ginin ya same shi ya ce, "Baba, in ka tafi wa zai tuƙa? Kwashe teburin za mu yi mu jera kujeru."

"Ku ba ni lokaci, ɗana," ya ce. "Zan koya masa tuƙa kansa."

Ya samo 'yar na'ura mai agogo, ya tsara lokacin tashin kowane jirgi, da inda ɗaya zai dakata ɗan'uwansa ya wuce. Abu ya yi kyau. Sai dai zagayen likita ba ya bin agogo. Jirgi ya yi ta kewaya wa kujeru, mu kuwa da aka turo mu muka tarar ya gama ya kwanta.

Na ce, "Malam, naka ma ya koyi halin na gaske, ya tafi ya bar fasinja!"

Ko ɗagowa bai yi ba. "Kai da mutuwa ta gaji da jiranka, jirgi ne zai jira ka?"

Amma na ga yadda ya zauna, kamar an zare masa laka. Kwana da kwanaki bai sa hannu a wayoyin jirgin ba, ƙofar ɗakin majinyata kawai yake kallo. Can ya gano abin: mai lafiya ƙyaure ɗaya yake turawa, keke da gado sai an buɗe biyun. Ya hau tsani, nas tana riƙe da shi tana faɗa, ya ja waya daga saman ƙofar zuwa teburin, yadda da an buɗe ƙyauren biyu jirgi zai tashi. Ya kuma sa jirgin ya daɗe a tashar da ke bakin teburi, daidai idon wanda ke zaune a keke.

Baba, kai ne ka gaji ba ka faɗa ba. Kai ne ka yi wa mutanen da ba za ka taɓa gani ba tanadi. An bar teburin, kujerun sun samu wani lungu.

Kwanan baya aka kawo Baba aikin ido. Ni na karɓi keken daga hannun jikarsa, don har yanzu ina da ƙarfi. Nas ta buɗe ƙyauren biyu, jirgi ya fito daga rami. Bai iya ganinsa ba, sai ya karkata kunne.

"Tayar baya na son mai," ya ce.

Mun gode, Baba, Allah ya huta gajiya. Ku kuma masu ido da hannu, kwalbar tana ƙarƙashin teburi. Wani ya ɗauka.