Akwatin da Ƙanena Ya Ƙera

Ƙanena ya mutu a cikin akwatin katako da ya ƙera da hannunsa don dakon barewa. Wutar daji ce ta ci shi. Ya bar mata da ɗa guda, ni na riƙe ɗan. Shi ne yau yake koyarwa a nan Kuala Lumpur. Ya kawo ni a duba mini ido, daga nan ya hana ni komawa.

Ban taɓa gaya masa yadda abin ya faru ba. Abin da ya sani shi ne gorin da 'yan garinmu suka riƙa yi masa tun yana ƙarami: ubanka ya kulle kansa a keji kamar kaza, ko ciyawa bai ƙulla ba. Da wannan ya girma. Ba ya ambaton ubansa, ko hotonsa babu a falo.

Wata Asabar da hantsi muna zaune a mamak, wato shagon shayin da ke ƙasan gidanmu a unguwar Sentul, muna shan shayi da roti, irin gurasarsu ta nan, sai ya turo mini wayarsa.

"Baba, dubi wannan. Gonar abokin aikina ce, can bayan gari. Barewa da aladun daji suna yi masa ɓarna. Ya ji kai tsohon maharbi ne, ya ce mu je."

Na kusantar da wayar ga idona mai kyau. Ɗan ɗaki ne kore a kan ƙafafun ƙarfe, da tsani, da tagogin gilashi. A ciki akwai kujera mai juyawa.

"Har fanka akwai," in ji shi. "Ba sauro, ba ruwan sama. Boleh, in ji mutanen nan. Ka yarda?"

"Je ka kai kaɗai."

"Haba Baba. Wannan ai ba irin shirmen..." Sai ya tsaya.

"Ƙarasa."

Bai ƙarasa ba, ya kama juya cokali a kofi. Na ce ya kife wayar. A nan na ba shi labarin, jirgin ƙasa yana wucewa ta samanmu.

Farauta iri biyu muka gada. Akwai ta gayya, da rani, idan gamba ta bushe. Gari guda a fita da karnuka, a cinna wa daji wuta ta gefe ɗaya, maza su tare ta ɗaya gefen. Wannan ta masu ƙafa ce. Akwai kuma dako. Mutum ya sami inda barewa da mazo suke zuwa lasar kanwa, ya ɗaura itace a reshen ɗorawa, ya hau ya zauna. Kana riƙe da toka a ɗan tsumma, kana kaɗawa ka ga inda iska ta nufa. Idan ta juya ta kai warinka ga nama, wahalar ranar ta tashi a banza. Tururuwa ta cije ka, ƙudan zuma ya kewaye ka, ba ka motsi. Amma kana jin komai. Ganye ya faɗi a bayanka, ka sani.

Tunda masu wuta da masu dako daji ɗaya suke shiga, akwai doka. Mai dako zai ƙulla kan gamba a bakin hanyar da ya bi. Masu gayya in sun ga ƙulli ba sa kunna wuta. Za su duba rassan itatuwa, su busa ƙaho, su saurara. In an amsa, su jira mutum ya fito. In shiru, ƙullin tsoho ne, mai shi ya koma gida.

Ƙanena ya fi ni hannu, ban taɓa musun wannan ba. Amma wata gayya gwanki ya banke shi, gwiwarsa ta dama ta tashi aiki. Mai ɗori ya yi iya yinsa, ƙafar ta warke a sandare. Ba gudu, ba hawan itace.

A garinmu in an dawo gayya, akan ware wuya da kayan ciki a aika gidajen gwauraye da tsofaffi. Ranar da aka fara aiko masa da wannan rabon, ya sa matarsa ta mayar.

"Yaya," ya ce mini, "ni aka aiko wa wuya? Ni?"

"Nama ne. Ci."

"Kai ka ci."

Ya taɓa yi wa wasu Turawa ɗaukar kaya a daji, a wurinsu ya ga irin akwatin. Sai ya tara katako da tsohon kwano, ya kafa a kan turaku huɗu kusa da kanwar da ke bayan dutse. Bai yi tsayi sosai ba, yadda zai iya jan ƙafar ya hau tsani. Ya toshe duk wata kafa da laka da buhu don kada warinsa ya fita. Ya rufe waje da zana har ya saje da ciyawa. Taga ɗaya ya bari ta gaba, faɗin tafin hannu, daidai bakin bindiga. Ƙofar kuma yakan ɗaure ta da waya ta ciki, kada iska ta buga ta.

Mutane suka yi ta dariya. Ni ma na shiga sau ɗaya na fito.

"Ba na jin komai a nan," na ce.

"Su ma ba sa jin ka. Kai koma reshenka, biri."

Gaskiya ita ce akwatin ya yi aiki. Iska ta juya ko kada ta juya, barewa tana zuwa har gindinsa. Zai iya miƙe ƙafar, ya yi tari, ya ci ɗumame. Shekarar nan ya fi ni kawo nama, ya fi kowa a unguwa. Har shi ya koma aika wa gwauraye cinya. Dariya ta ragu.

Ranar da abin ya faru ina kasuwa. Mutanen garin da ke hayin rafi ne suka fito gayya da azahar. Iska tana da ƙarfi. Daga kasuwa na hango hayaƙi ta bayan dutse, na yar da abin da ke hannuna. Da na isa, turakun ne kawai a tsaye suna ci. Kwanon ya lanƙwashe. Wayar tana nan a ɗaure. Da ni ne a reshe, da tun daga nesa na ji ƙaurin, na ji tsuntsaye sun tashi. Lakar da ta hana warinsa fita ita ta hana hayaƙi shiga, sai da wuta ta kama zanar.

A wurin makoki magana ta bazu cewa bai ƙulla gamba ba. Ta fi wa kowa sauƙi, gari biyu ba sa son rigima. Bayan an watse, mai busa ƙahon nasu ya same ni a bayan gida. Dattijo ne, leɓensa a tsage.

"Mun ga ƙullin," ya ce. "Ɗanye ne, na ranar. Mun duba kowane reshe, ba kowa. Na busa, na sake busawa, har leɓena ya yi haka. Ba a amsa ba. Wa zai ce akwai mutum a cikin tarin ciyawa?"

Na faɗa wa manyan gari. Suka ce a bar maganar, an riga an binne.

Da na kai nan, shayin ɗan ƙanena ya huce. Mai shagon ya zo ɗaukar faranti, ya dube mu ya koma.

"Ya ƙulla ke nan," in ji ɗan ƙanena.

"Ya ƙulla."

"Naman da muke ci a lokacin fa?"

"Daga akwatin ne. Ba wanda ya sake aiko wa gidanku wuya."

Sannan ya ce, "Nuna mini yadda ake yi."

Akwai ciyawa doguwa a gefen magudanar ruwa kusa da tashar jirgi, ta ɗan yi kama da gamba. Muka tsaya a can, masu wucewa suna kallonmu. Na haɗa kawunan, na murɗa, na ƙulla ba tare da na tumɓuke ba. Nasa na farko ya kwance. Na biyu ya zauna.

Ya je gonar, ni ban je ba. Na ce ya bar tagar baya a buɗe, kada ya sa sakata. Da ya dawo ya ce ba su harbi komai ba. Ya nuna mini hoto: ƙullin ciyawa a gindin tsanin ƙarfe. Abokinsa ya tambaye shi ko tsafi ne. Ya ce a'a, na ubana ne. A duk gonar ba wanda ya san ma'anarsa, ba kuma mai ƙaho.

Yanzu ina Sentul, a wani ɗaki can sama, sai da lif ake hawa. Akwai watannin da hayaƙin ƙonar daji yake tasowa daga hayin teku ya rufe garin, matar ɗan ƙanena ta bi tagogi tana rufewa ta kunna na'urar sanyi. Shi yakan zo ya buɗe tawa kaɗan, ya fita. Hoton ubansa yanzu yana falo. Idona ɗaya ya tafi, ɗayan yana gani. Hancina lafiya lau.