Shekarar da Hangum Ya Shiga Gidanmu

Wata Alhamis cikin bazarar da nake aji huɗu, kowa a ƙauyenmu na ƙasar Sule Tankarkar ya kora dabbobinsa zuwa kasuwar Maigatari, amma Yaya Sale, babban wanmu, bai fito ba. Na tarar da shi kwance a rumfar awaki, ya ware ƙafafu, gumi na tsiyaya daga goshinsa, ya cije leɓe don kada a ji nishinsa. Saurayi ne a lokacin, gemu ya fara tsiro masa, kuma ban taɓa ganin rana ta same shi a kwance ba.

Hangum ne ya bi gidanmu a shekarar. Mu yara kumatunmu suka kumbura, Inna ta kwaɓa toka ta shafa mana, muka yi ta nuna juna muna dariya, ba mu fasa langa ba, ba mu fasa zuwa rijiya ba. Da ya kama Yaya a ƙarshe, tsokana muka yi masa, wai ƙato da ciwon yara. Kumatunsa sun sace, sai zazzaɓi ya dawo, tafiya ta gagare shi. Kumburin ya sauka inda ba a faɗa a gaban iyaye. Baba ya leƙa, ya ce zafin rana ne, aka dama masa kunu, maganar ta mutu a nan.

A daminar nan aka kira wani dattijo ya dandaƙe mana bunsuru don ya yi ƙiba. Yaya ne ya danne ƙafafun. Dattijon ya ɗora marainan a kan taɓarya, ya ɗaga guduma yana cewa, "Iri a nan yake, in an taɓa nan an gama." Yaya ya kau da kai. Ni a zatona tausayin bunsurun ne ya kama shi.

Sai da na je sakandare a Gumel malamin kimiyya ya zana mana abin a allo. Ya ce a cikin maraina akwai siraran jijiyoyi a nannaɗe, kullum suna ƙera ƙwayoyin haihuwa, ga mutum ga rago duk ɗaya, shi ya sa suke rataye a waje inda ya fi jiki sanyi. Ruwan maniyyi kuwa yawancinsa daga wani wuri yake zuwa, don haka namiji kan ga ruwa ya ɗauka lafiya lau, alhali babu iri a ciki. Ya ƙara da cewa hangum bayan balaga yakan ƙone wurin. 'Yan aji suna ƙyalƙyala dariya, ni kuwa rumfar awakin nan kawai nake gani.

Yaya ya yi aure, shekaru suka tura, ba a taɓa yin suna a ɗakinsa ba. 'Ya'yanmu duk a kafaɗarsa suka girma. Wallahi har yau in na ga yana raba musu gyaɗa sai in tuna zanen malamin nan, amma kunya ba ta taɓa barina na tayar masa da zancen ba.

Bara ɗana, takwaransa, ya yi hangum yana saurayi. Yanzu ga asibiti a kusa, mun riga mun kai shi. Duk da haka Yaya ya hau mota daga ƙauye, ya zauna a zaurena bai ko sha ruwa ba, ya sunkuyar da kai ya ce, "Habu, ka tambayi yaron nan ko kumburin ya sauka ƙasa? Kada ka ji kunya, ka tambaya."

Ashe ya sani tun ranar bunsurun nan. Shi kuwa, a nasa lokacin, babu wanda ya tambaye shi.