Girkin Gem da Na Ci da Bakina

Ba zan manta da lokacin da hannun gem ya suɓuce mini ya faɗi ƙasa ba. Ranar Asabar ce cikin damina, bayan azahar. Ina tsaye bayan wani yaro ina nuna masa yadda ake hura wuta a ƙarƙashin tukunya, sai na ji yawu ya cika mini baki, cikina ya murɗa kamar ana matse wanki. Na kalli talbijin, na ga tukunyar ta zama biyu. Na ce a raina ko wuta ce ta yi ƙasa, amma ga fanka tana juyawa yadda ta saba. Yaron ya ce, "Anti Jamila, kin yi zufa fa," alhali tun safe sanyi muke ji.

Oga Sunusi ne ya ce in rubuta wannan saboda ku sababbin da aka ɗauka. Ku yi haƙuri in kun ga na hau nan na sauka can.

Bari in fara da yadda aikin yake. A shagonmu na buga gem a talbijin, Oga ne a sama. Sai mai inji, wato Nuhu, shi ke da janareta da wayoyi da duk abin da ya lalace. Sai mai tebur, wato ni, wadda ke zaunar da mai wasa, ta kama masa lokaci, ta koya wa sabon zuwa. Yawancin masu zuwa ƙwallo suke bugawa. Amma akwai talbijin biyu na lungu da aka ware wa gem ɗin yawon duniya, wanda jarumi ke ratsa daji da dutse yana faɗa da dodanni. Ɗaliban jami'a daga Gubi da yaran barikin Shadawanka su suka fi son shi, musamman ƙarshen mako.

A gem ɗin nan akwai girki, kuma nan ne samari ke faɗuwa. Su dai a ba su takobi. Ran jarumi ana nuna shi ne da jajayen zukata a saman talbijin, duk dukan da ya sha suna raguwa, in sun ƙare ya mutu. Abinci ne ke mayar da su. Yana tafiya yana tsintar kaya, 'ya'yan itace, ganye, kifi, nama, barkono, naman kaza, irin mai tsirowa a ƙasa kamar laima, kala-kala. In ya ci ɗanye, kaɗan yake samu. In ya sami tukunya a kan wuta ya zuba, sai abin ya ninku. Kuma kowane kaya da amfaninsa. Barkono yana hana sanyi kama shi a kan dutse, wani ganye yana ƙara ƙarfin gudu, wani kifi yana sa sara ba ya shigarsa sosai. Ƙa'idar ita ce kada ka haɗa masu amfani biyu a tukunya ɗaya, don sai su kashe juna ka tashi da abinci lami. In kuwa ka yi shirme, ka zuba ƙwaro ko ƙahon dodo cikin abinci, tukunya za ta yi baƙin hayaƙi da wata ƙara mara daɗi, abincin ya fito kamar taɓo. Jarumi zai ci yana yamutsa fuska, amma ba ya mutuwa. In girki ya yi kyau kuwa kiɗa ake yi, sunan abincin ya fito da duk abin da zai yi maka tun kafin ka ci.

Ni wannan ɓangaren ne ya shige ni, har ake ce mini Malamar Tukunya. Nuhu ma ni na koya masa.

To, ranar nan an kwana ana ruwa. Nuhu ya iso da wata leda, ya shige bayan shago inda muke da ɗan risho. Wajen azahar sai ga shi da kwano a rufe, yana washe baki.

"Malama, ɗalibinki ya kawo jarrabawa."

Na buɗe. Taliya ce da nama da attaruhu, da wasu yanka farare masu taushi. Ƙamshi kuwa har bakin ƙofa.

"Wannan fa?"

"Naman kaza. Nama, barkono, naman kaza. Maganin sanyi ke nan, ko na yi kuskure?"

"Ina ka samo?"

"A hanyata ta fitowa, wajen Gubi. Fari ne tas, irin mai kyan nan. Ai ke kika ce shuɗin ne mugu."

Na ce da shi haka ne. A nan nake rasa yadda zan yi muku bayani. A gidanmu ba a cin wannan abin. Laimar kwaɗi Umma ke kiransa, in ya fito a gindin katanga ma da takalmi take murje shi. Amma ni kullum ina tsintar sa a talbijin, ina zuba shi a tukunya, ina jin kiɗa. Idona ya saba da shi kamar tumatur. Ban ji ko ɗar ba. Na ci sosai, har na ce masa gishiri ya yi kaɗan. Shi kuwa cokali ɗaya ya kai baki aka ɗauke wuta, ya ajiye ya tafi wajen janareta, daga nan aiki ya riƙe shi.

Daga faɗuwar hannun gem ɗin nan abubuwa sun cakuɗe mini. Na san na kai bayan shago da ƙyar. Na san na yi amai har na daina gane inda sama take. Na ji muryar Oga yana cewa a tsayar da keke mai ƙafa uku, na ji Nuhu yana ta faɗin, "Ba zai yiwu ba, wallahi ba zai yiwu ba." A cikin keke ma sai da aka tsaya mini a hanya. Abin kunya ba irin wanda ban yi ba, amma lokacin ta kunya nake yi?

A asibiti ƙa'idarsu in an kawo wanda ya ci wani abu, kafin komai sai sun san mene ne, da yaushe, da yawansa. Wata Sista babba, mai tabarau, ta sa mini ƙarin ruwa tana tambaya. Ni baki ya ƙi, sai Nuhu ya karɓa.

"Me ta ci?"

"Abinci ne, Sista. Nama da barkono da naman kaza."

"Wane iri? Na kasuwa?"

"A'a, na tsinta ne. Farin."

"Ka san shi? Ana ci a garinku?"

"Na san shi a gem."

Ta sauke tabarau ta dube shi. "A ina?"

Sai ya shiga yi mata bayani, da hannu da komai, cewa bai haɗa masu amfani biyu ba, bai sa ƙwaro ba, ya bi ƙa'ida daidai. Ya ce, "Kuma da ya ɓaci ai da mun gani."

"Ku gani a ina?"

"Hayaƙin zai yi baƙi, sai..." Nan ya tsaya da bakinsa a buɗe. Ina kwance ina kallonsa, kuma abin tsoron shi ne har ya kai wajen hayaƙin nan ina gyaɗa kai a raina, ina cewa gaskiyarsa.

Sista ta ce, "Kai, ɗan nan, shekarunka nawa?" Da ta ji shi ma ya taɓa, ta ce a kai shi ɓangaren maza a duba shi. Likita ya zo, wani siriri mai magana a hankali, ya ce ko akwai sauran ɗanyen. Oga ya koma shago ya ɗauko ledar. Likita ya juya ɗaya, ƙarƙashinsa ya yi kore-kore, ya ce wannan ya yi kama da mai sa amai da gudawa ya wuce. Amma da aka tambayi Nuhu ya ce a wuri biyu ya tsinta, kuma na wuri na biyun duk ya shiga tukunya. Likita ya ce sai an kwantar da ni.

Ana haka Umma ta iso, mayafi a karkace. Ta kama ƙafata tana salati, sannan ta juya ga Oga.

"Sunusi, ka ce mini aikin zama ne a tebur. Wa ya ba ta laimar kwaɗi?"

"Umma, ki yi haƙuri, girkin gem ne yaron ya gwada."

"Girkin wa?"

"Na cikin talbijin."

"Yanzu talbijin ɗin ne ke girki?"

Na buɗe baki in yi mata bayanin zukata da tukunya, sai na ji yadda maganar za ta fito, na rufe. Ta dube ni ta ce, "Ke da ko miyar kuka ba kya sha in ba ki ga wanda ya daka ba."

Washegari na farka garau. Ciki ya lafa, kai ya washe, har yunwa nake ji. Na tashi zaune na ɗaura ɗankwali na ce wa Umma ta haɗa kaya. Da Likita ya shigo zagaye na gaishe shi da fara'a, na ce na warke. Ya ce ba inda za ni. Ya ce akwai irin da ke yin haka, ya kayar da mutum, ya sake shi ya ji daɗi kamar ya warke, alhali yana can yana cin hanta a ɓoye, sai daga baya ido ya yi rawaya. Tunda ba a san abin da na ci na biyun ba, sai an riƙa ɗibar jini ana dubawa.

Na ce, "Likita, to ta yaya zan san ko shi ne?"

Ya ce, "Ba za ki sani ba. Mu ma jira muke."

Ban taɓa shiga ruɗu irin na wannan yinin ba. Da ina ciwo na san ina ciwo. Yanzu lafiyar ce ta zama abin tsoro. In na ji daɗin jikina sai gabana ya faɗi. In na ji ɗan murɗa sai in ce ko alheri ne, ko kuwa shi ne ya fara. Na kunna kyamarar waya ina ja da fatar idona ina dubawa, har Umma ta ƙwace wayar ta sa a jaka. Na ce mata, "Umma, dubi idona, fari ne?" Ta ce fari ne. Can kuma na sake tambaya. Ta ce, "Jamila, in kika ƙara sai na mayar da shi ja." Tana faɗa tana share hawaye da bakin mayafi.

Oga ya zo da ayaba, Sista ta hana. Ya ce Nuhu lafiyarsa lau, amma ya ƙi tafiya gida, yana zaune a baranda, ya ce ba zai iya haɗa ido da Umma ba. Don ya sa ni dariya Oga ya ce yara sun maƙale a kan dutsen ƙanƙara, sanyi na ta kashe musu jarumi, suna tambayar yaushe Malama za ta dawo. Ban yi dariya ba. Sai na tuna yawan yaran da na tsaya a bayansu ina cewa, "Tsinci farin, farin ba ya komai." Wasu ba su kai shekarun ƙanena ba, kuma damina ce, abin nan yana fitowa a kowane fili. Na ce wa Oga don Allah ya faɗa musu. Ya ce ya faɗa, sun yi ta dariya, sun ce wane wawa ne zai ci. Na ce masa Nuhu ba wawa ba ne, shi ke kwance inji ya mayar. Ni ma da sakamakona mai kyau na gama sakandare.

Abin da nake so ku riƙe ke nan, ku da za ku zauna a tebur. Masu zuwa wajenmu ba mahaukata ba ne, sun san talbijin talbijin ne. Mu ma mun sani. Amma wanda ya yini yana yin abu ɗaya yana ganin ya yi daidai, hannunsa da idonsa suna sabawa ba tare da sun yi shawara da kansa ba, kuma mu ma'aikata mun fi kowa daɗewa a gaban abin. Gem yana faɗa maka sakamako nan take, kuma ko ka yi kuskure ba ya kashe ka da abinci. In kuna koya wa yaro girki, ku faɗa masa da baki cewa na waje ba haka yake ba, ko zai yi muku dariya. Ni yanzu ina faɗa, suna dariyar, ina sake faɗa.

A rana ta uku aka sake ɗibar jini da safe. Muka zauna. Aka kira azahar shiru, aka kira la'asar shiru. Umma ta idar da salla tana kan darduma, sai ga Likita ya shigo da Sista a bayansa. Na kasa duban fuskarsa, takalminsa nake kallo.

Ya ce, "Jamila, hantarki lafiya lau, ƙoda ma haka. Lokacin da muke tsoro ya wuce. Ki je gida."

Umma ta faɗi ta yi sujada. Ni kuwa na zauna kamar ba da ni ake ba. Na ce, "Likita, ka tabbata? Ai jiya ma lafiya nake ji, ka ce kar in yarda."

Ya ce, "Jiya ke kika faɗa. Yau jininki ne ya faɗa."

Sista ta zo tana cire mini allurar hannu, ta ce in tashi a hankali. Na sauko da ƙafa ɗaya, na sauko da ɗayar, sai kukan da ban yi ba tun ranar Asabar ya ƙwace mini.